Muryar Sale Tana Cikin Wayar Da Aka Kulle

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da duk masu sauraro. Malama Hadiza ce daga unguwar Madaki, mai koyarwa a makarantar sakandare.

Da yawanmu muna zaton idan ka karɓi wayar biyan wata-wata ka sa a jaka, ta zama taka. Nima haka na ɗauka. Ban iya sayen babbar waya kai tsaye ba, sai na karɓi irin wannan don in riƙa tura wa ɗalibaina darasi.

Ƙanena Sale direba ne a hanyar Biu. Bara ya turo saƙon murya: "Yaya, ki ce wa Dada ina hanya, ta ajiye min fura." Tun ranar ba shi ba labarinsa. Kullum da safe mahaifiyarmu Dada takan ce, "Hadiza, kunna min yaron nan."

To, albashi ya makara, wayar ta kulle kanta. Na roƙi mai shagon, ya ce, "Wallahi Malama, ba ni ke kullewa ba, na'ura ce. In aka daɗe, karɓewa za a yi a goge komai."

Har yau albashi shiru. Dada ta daina tambaya, sai dai ta kalli jakata.

Jama'a, akwai wanda ya san yadda ake ciro murya daga kullalliyar waya? Ɗalibaina kuma, duk mai irin wannan waya, ya gwada yau: ya tura abin da yake ƙauna zuwa wata wayar, tun tana buɗewa.