Janareton Ƙungiya da Kwalaben Dakta Ni'mat

Da sunan Allah Mai rahama. Shugaban taro, Alhaji Zailani, liman da dattawan unguwarmu ta Hajj Yusuf, 'yan'uwanmu da suka ƙetaro gada daga Omdurman, iyaye mata, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni, Idirisu Jatau, damar yin magana a kan 'yar ƙanena, Dakta Ni'mat Ashafa, wadda ke zaune can da kanta a sunkuye.

Na farko, aikinta. Na tambaye ta, ta ce, "Baffa, a cikin kowace ƙwayar halittar jikinka akwai wani siririn zare, DNA, mai ɗauke da gadon iyaye. Akwai kuma furotin da ke kama zaren nan, ya naɗe shi, ya warware shi, kamar yadda kaka take naɗe auduga a mazari can yankin Jazira. Ni ƙarfin riƙon nake aunawa, domin in riƙon ya ɓaci, cuta ke biyowa." Ban gane duka ba, amma na gane mazari. Ƙasashen waje sun koyar da ita, sun so riƙe ta, ta ce gida za ta dawo.

Na biyu, abin da ya faru. Furotin nan ba ya jure zafi, kahraba kuwa, wato wutar lantarki, kun san halinta. Jajibirin babbar salla wuta ta ɗauke a ɗakin bincikenta, ta kwaso kwalabenta na furotin cikin ƙanƙara, ta hau raksha mai ƙafa uku, ta kawo su firizar Hajiya Barira, inda duk unguwa ke ajiya. Washegari naman layya ya yi ta shigowa, wuri ya ƙare. Wani hannu, ba zan kama suna ba, ya ga ƙananan kwalabe ya ce ai magani ne, magani kuwa a kan kanta muke ajiye shi. Aka fito da su daga firizar, aka jera su tsaf a kantar ɗaki, har da rufa musu kyalle mai tsabta don girmama Dakta. Aikin shekaru ya narke a ƙarƙashin kyallen nan. Ba mugunta ba ce, ya jama'a, kulawa ce irin tamu. Hajiya Barira ta yi kuka, ita kuma Dakta ta rungume ta tana cewa, "Malesh, Inna, ba komai, malesh." Wallahi zuciyata ta karye ranar.

Na uku, roƙona. Waɗanda suka koyar da ita sun sake kiranta. Na ce mata, "Me zai tsayar da ke?" Ta ce, "Firizar da ba ta mutuwa, Baffa." Ƙungiyarmu tana da janareto. Muna kunna shi a biki, muna kunna shi a zaman makoki, sauran kwanaki yana kulle tare da rumfa da kujeru. Ina roƙo a kai shi ɗakin bincikenta. Na san abin da nake nema, domin auren ɗana Muntari ne ke gaba, kuma na yarda a yi shi da fitilar kananzir.

Allah Ya haɗa kanmu, Ya jiƙan iyayenmu da suka yi noman auduga, Ya maida kowa gida lafiya. Ni'mat, ɗago kanki ki dubi hannuwan da aka ɗaga.

Na gode.