Makullan Tsohon Layi

Ina tsaye a rumfar mai yankan makulli, raina a ɓace, don tun safe mutum tara kacal suka sa hannu a takardar kokenmu kan rusau. Sai wata tsohuwa ta miƙa masa makulli ɗaya.

"Ɗan nan, yanka min goma irinsa."

"Goma, Inna? Ƙofa nawa gare ki?"

"Ko ɗaya. Katafila ta cinye ta bara. Dogon benen can mai gilashi, a kan ɗakina yake zaune."

"To me za ki buɗe?"

"Ratayewa muke yi a shingensu duk Asabar, mu 'yan tsohon layi. Masu gadi su cire, mu sake rataya wasu."

Ya kashe injinsa.

"Sau uku mai gadinsu yana kirana in canza kwaɗo. Wai kullum da safe sai su tarar da ƙofar baya a buɗe, an share tsakar gida, har an yayyafa ruwa. Ku ne?"

"Mu da ba ma wuce shinge? Sai dai maƙwabciyata, ita ce rana ba ta taɓa fito mata ba tare da ta yi shara ba."

"Sai ki ja mata kunne."

"Ta rasu sati biyu bayan an tashe mu."

Ta leƙa bangon rumfarsa, inda jan fentin masu rusau bai gama bushewa ba.

"In ka gama nawa, yanka naka, ɗan nan. Da sauran wuri a shingen."