Katangar da Na Gina a Hanyar Ruwa

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro Malam Ɗanmusa, mai girma Hakimi, Liman da malamanmu, dattawan Illo, baƙinmu da suka tako daga Zagga da Bahindi, 'yan'uwa da suka tsallako daga Dahome, maza da mata, ina gaishe ku da gaisuwar Musulunci.

Na gode da kuka baro shinkafarku a fadama kuka taru don ku yi mini sallama. Na ji ana ta cewa hukuma ce ta ɗauke malamin asibitinku, har wasu na jin haushinta. To ku bar jin haushin kowa. Ni Atiku, da hannuna na rubuta takardar neman canji shekara biyu da suka wuce, kuma a cikinta na kira maƙwabcina Malam Attahiru azzalumi. Bai sani ba sai yanzu, kuma ba na son in bar garin nan da hakkinsa a kaina.

Abu na farko shi ne yadda na zo. Na zo daga Zariya ina ganin na san duniya, tunda na iya allura kuma na iya Turanci. Sai na tarar da gari inda mutum zai gaishe ka da Hausa, ya yi ciniki da Dandanci, ya juya ya tsawata wa jakinsa da Fillanci. Na tarar da wanda gidansa ke ƙasar Ingilishi, gonarsa kuma tana ƙasar Faransa, bai taɓa ganin abin mamaki a ciki ba. Har yau da ƙasashen biyu suka sami mulkin kai, ina tambaya a nuna mini inda iyakar take, kowa sai ya nuna mini wata bishiya daban.

Abu na biyu shi ne maƙwabcin. Kun san Malam Attahiru, kun san muryarsa, kun san hayaƙin bandar kifinsa, wanda ya kama tufafinmu har matata Rahmatu ta daina saka turare. Duk wannan na daure. Abin da na kasa daurewa shi ne wani lungu mai gangare tsakanin gidana da nasa, inda jama'a ke ratsawa safe da yamma suna leƙo mana tsakar gida. A garinmu gida sai da katanga, don haka na sa aka toshe lungun. Kafin ƙasar ta bushe, Malam Attahiru ya fito da gatari ya rushe katangar. Na sake ginawa, ya sake rushewa. Da na tare shi, sai ya ce mini, "Likita, wanga wuri ba hanyarmu ba ta, hanyar ruwa ta. Mu aro muka yi."

Na tambaye shi wane ruwa, alhali damina ta wuce, an gama girbin gero, kogi kuma yana can nesa? Ya ce ruwa na tafe, ya juya ya bar ni tsaye. Na kai ƙara wurin mai unguwa, shi kuma don ganin girman baƙo ya roƙi Malam Attahiru ya ƙyale ni. A ranar na gina katanga ta uku, a ranar kuma na rubuta takardar.

Jama'a, ku da kuka tashi a bakin kogin Kwara ba za ku gane mamakina ba. A garinmu ruwa daga sama yake zuwa, sai an ga hadari, sai an ji tsawa. Wa ya taɓa gaya mini akwai kogin da ke cika a tsakiyar sanyi, sama tas babu ko ɗigo? Daga baya na yi ta tambayar fatake da masu jirgi, suka ce daminar wasu ƙasashe ce can yamma, takan yi watanni a hanya kafin ta iso mana. Har gobe in na tsaya a bakinsa sai in ce, wannan ruwa a gonar wa ya fara sauka?

Ya iso wata Talata da hantsi, ina asibiti. Ya cika fadama, ya biyo gangaren nan kamar yadda ya saba, ya sami katangata, ya rabu biyu. Rabi ya shiga gidana, rabi ya nufi rumbun Malam Attahiru. Mutumin nan da hannu biyu kawai, sai ya zaɓa. Ya bar rumbunsa, ya fitar da Rahmatu da cikinta wata takwas, ya kwashe akwatunan maganinku da nake ajiyewa a gida zuwa tudu, sannan ya fasa katangar. Kafin ya waiwaya, gindin rumbun ya jiƙe ya zube, shinkafar shekara ta bi ruwa. Da na iso a guje ya wanke ni tas da harsuna uku, na fahimci ɗaya, sauran biyun ma ban yi musu ba. Daga ranar bai sake ambaton rumbun nan ba, ni kuwa kunya ta hana ni tayar da zancen, na kuma ɗauka takardata ta ɓace a hanya. Ashe tana nan tana jiran lokacinta.

Abu na uku roƙo ne. Wanda zai gaje ni baƙo ne, zai yi nasa kuskuren. Ku gaya masa sau biyu, ku gaya masa sau uku, shi kuma Allah ya ba shi kunnen da ni ban zo da shi ba.

Malam Attahiru, na ci abincin iyalinka na shekara guda da katanga, na ɓata sunanka a takarda. A gaban jama'ar nan nake roƙonka ka yafe mini.

Ku na baya, ba ku ji amsarsa ba ko? Cewa ya yi in rage surutu rana na yi, ya yafe tun ranar da ya zage ni.

Allah ya mayar masa da ninkin abin da ya rasa. Allah ya zaunar da ƙasashenmu biyu lafiya, ya yi wa noma da su albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya, ya sa ba rabuwar ke nan ba. Na gode.