Zabuwa Ta Yi Fari

GWAGGO HABIBA: Salamu alaikum. Yero? Kana ji na?

YERO: Wa alaikumus salam. Gwaggo, ina wuni?

GWAGGO HABIBA: Lafiya lau. Ya Gembu, ya sanyi?

YERO: Sanyi kam sai godiya. Ya mutanen Mandawari? Ya ƙafar taki?

GWAGGO HABIBA: Da sauƙi. Ya aikin rigakafin shanun?

YERO: Muna ta fama. Ya su Larai?

GWAGGO HABIBA: Ga ta nan tana tankaɗe, tana gaishe ka. Kana dai cin abinci ko?

YERO: Ina ci. Gwaggo, lafiya dai? Na ji muryarki wani iri.

GWAGGO HABIBA: Lafiya ƙalau. Kowa lafiya. Mutane dai duk lafiya.

YERO: Mutane? To wa ye ba lafiya?

GWAGGO HABIBA: Kada ka ɗaga hankalinka. Tsakar nan taka da ka bar mini amana a akwatin gilashi...

YERO: Zabuwa? Me ya same ta?

GWAGGO HABIBA: Ta yi fari fat! Ɗigo-ɗigon nan nata mai kama da na damisa duk ya dushe, kamar an tsoma ta a toka. Na ba ta gyare ta kau da kai. Ita da ko inuwar gyare ta gani sai ta kaɗa jela!

YERO: Kai, Gwaggo, kin tsinka mini zuciya! Saɓa take yi.

GWAGGO HABIBA: Saɓo? Wane saɓo baiwar Allah za ta yi tana kulle a akwati?

YERO: Ba saɓo ba, saɓa! Irin ta maciji. Tsohuwar fata take tuɓewa.

GWAGGO HABIBA: Au! To ai Larai cewa ta yi kuturta ce, wai mu fitar da ita tun ba ta shafa wa gida ba. Har tsintsiya ta ɗauko.

YERO: Tsintsiya? Gwaggo!

GWAGGO HABIBA: Kwantar da hankalinka, na tsaya a bakin ƙofa. Na ce mata wannan ba irin tsakar bango ba ce. Kin taɓa ganin tsaka mai ƙifta ido? Wannan ko bango ba ta iya hawa ba, tafiya take a ƙasa da natsuwa kamar matar liman.

YERO: Allah Ya saka da alheri. Yanzu kina kusa da akwatin?

GWAGGO HABIBA: Gabansa nake zaune. La ilaha illallahu! Yero, cin rigar da take tuɓewa take yi! Ta ja da baki tana haɗiyewa!

YERO: Haka suke yi, ƙyale ta. Duba mini yatsunta. Akwai farar fata da ta maƙale?

GWAGGO HABIBA: Bari in sa tabarau. Larai, matsa kin tare mini haske. E, ƙafar baya, kamar ta sa 'yar safa.

YERO: To wannan ce matsalar. In ta bushe a wurin sai ta shaƙe yatsun, jini ya daina zuwa, su guntule.

GWAGGO HABIBA: Subhanallahi! Ka ga kuturtar da Larai ta faɗa ta tabbata ke nan. Bari in shafa mata man kaɗanya.

YERO: A'a! Kada ki sa mata mai. 'Yar robar nan da na huda wa ƙofa, wadda take shiga ta ɓuya, tsumman ciki da danshi?

GWAGGO HABIBA: Wane danshi? Ai na shanya shi. Na ga ya jiƙe na ce kada mura ta kama ta.

YERO: Haba Gwaggo! Danshin ne ke sa fatar ta yi laushi. Yanzu ki samo... mai ɗumi... faranti...

GWAGGO HABIBA: Me? Kana yankewa. Farfesu?

YERO: Faranti! Bari in hau kan dutse. Kina ji na yanzu?

GWAGGO HABIBA: Yauwa, ka fito tar.

YERO: Ki zuba ruwa mai ɗumi a faranti, ba mai zafi ba, kamar na wankan jariri. Kaɗan, iya tafin ƙafarta. Ki tallabo ta ta ciki. Kada ki kama jelar, in ta tsorata yar da ita za ta yi.

GWAGGO HABIBA: Ni za ka koya wa ɗaukarta? Kullum da hantsi a tafin hannuna take shan ɗumi.

YERO: Ke da kika ce ko kallonta ba za ki yi ba?

GWAGGO HABIBA: Wannan da ne. Larai, miƙo butar nan. Sirka. Yauwa. Bismillahi. Zo nan 'yar albarka, shiga. Kai, ka ga yadda ta lumshe ido!

YERO: Bar ta ta ɗan jiƙa. Sai ki sami auduga ki riƙa shafawa a hankali, kada ki ja.

GWAGGO HABIBA: Ina shafawa. Tsaya mana, 'yar nan. Larai, riƙe wayar, kanga mini a kunne. Ai ba cizonki za ta yi ba! Yero, tana motsi... ta taho... ta fita! Safar ta fita ɗungurungum!

YERO: Alhamdu lillahi! Yatsun fa?

GWAGGO HABIBA: Ga su nan cif, jajaye kamar ta sha lalle. Ka ga kalarta kuwa? Rawaya mai haske, sabuwa fil! Har Larai na leƙe tana murmushi.

YERO: Madalla. Ki jiƙa tsumman ki mayar. In ta nemi abinci ki barbaɗa wa gyaren farin garin nan na ƙarin ƙashi. Kuma kada a zuba mata yashi, haɗiyewa take yi. In na dawo zan ɗauke miki wahalar, in mayar da ita ɗakina.

GWAGGO HABIBA: Ka mayar da wa?

YERO: Zabuwa mana.

GWAGGO HABIBA: Ɗakin naka da ko taga babu? Ka dai nemi wata. Wannan ta zama 'yar gida.

YERO: Gwaggo, amana fa na ba ki!

GWAGGO HABIBA: Rage murya, hamma take yi, barci za ta yi. Sai an jima.

YERO: Gwaggo, tsaya mana! Gwaggo? Gwaggo!