Jirgin Gaidam

A tashar Gumel, Iya Tayyiba, wata tsohuwa daga Maigatari, ta tsayar da wani matafiyi.

"Ɗan nan, ina motar filin jirgi? 'Yata ta haihu a Gaidam. Maƙwabcina ya duba nisan a waya, sai ga hoton jirgin sama."

"Iya, ba jirgin da ke sauka Gaidam. Hoton nan awon nisa ne kawai, kai-tsaye irin tafiyar tsuntsu. Hau motar Haɗeja, daga can ki nemi ta Gaidam, yau za ki kwana gidan 'yarki."

Ta yi ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi! Ni da na bi gida-gida neman gafara don tsoron jirgi! Har maƙwabciyata Hannatu, da muka shekara uku ba ma gaisawa."

"To, koma ki janye."

"A'a, a bar shi haka. Guzurin nan ma ita ta haɗa mini."