Walƙiya ko Shiru-shiru: Wanda Shahon Giza Za Ta Riƙe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan gasa, kuma shugaban wannan zama, Malam Ishaq. Uwarmu Hajja Fatna, wadda ta ba mu aron saman gidan abincinta a nan unguwar Dokki ta Alƙahira, ta kuma hana kofunan shayinmu yin sanyi duk da iskar da ke kaɗawa. Masu ƙungiyoyi goma na wannan gasa, waɗanda suka ci da waɗanda aka cinye. 'Yan'uwana mata da ke zaune ta wancan gefe, waɗanda suka yi haƙuri da mazajensu tun daga farkon kakar wasa har ƙarshenta. Manya da yara, 'yan Najeriya da 'yan Sudan, ina gaishe ku baki ɗaya.

Sunana Sabuwa. Ni ce matar mai ƙungiyar Shahon Giza, ga shi can zaune da baƙin tabarau. Ina godiya ga shugaba da ya yarda in tsaya a madadin maigidana, ina godiya ga maigidana da ya ce in tsaya, ina kuma godiya ga Allah da Ya sa yau muna cikin masu magana, domin saura kaɗan mu zo nan a matsayin 'yan kallo.

Saboda matan da yau ne zuwansu na farko, bari in faɗi abin da ya tara mu, yadda ni ma aka faɗa mini. Ƙwallo ce ta Amurka, wadda mutum ɗaya ke jefawa, wasu su ruga su cafe. Ɗan'uwanmu Bakri ne ya kwaso ta daga ofishinsu na Mohandessin, inda yake wuni yana amsa wayar Amurkawa, ya zo ya shafa wa sauran. Kowa a nan yana da ƙungiya a cikin wayarsa, ya zaɓi 'yan wasan da ke can, duk abin da suka yi a fili ya zama maki a gare shi. Dokoki biyu ne suka dame mu a daren yau. Ta farko, wanda ya zo na ƙarshe zai bar gasa shekara guda, a ba wani gurbinsa. Ta biyu, kowace ƙungiya za ta riƙe matashin mai cafe ƙwallo guda ɗaya tak har shekara uku, sauran su koma kasuwa inda kowa zai iya ɗauka, kuma ba a rubuto sunansa a waya, sai an tashi an faɗa da baki a gaban jama'a. Wannan faɗar ce ta tsayar da ni.

Kun san cewa a tsakiyar kaka aka yi wa maigidana aikin ido. Likita ya ce ba waya, ba littafi, ba talabijin, sai kwanciya fuska a ƙasa. Yana kwance a haka ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Sabuwa, ƙungiyar nan ta zama taki." Na ce, "Ni da ban san mai jifa ba, ban san mai cafewa ba?" Ya ce, "Kin karanta littattafan soyayya sun cika akwati biyu, kin riƙe sunan kowa har da kakarsa. Waɗannan 'yan samarin ba za su gagare ki ba."

Sunayensu kuwa sun gagare ni, sai na raɗa musu nawa. A cikinsu akwai matasa biyu. Ɗaya dogo ne, mai gudu kamar an harbo shi, mai sarƙar zinariya, in ya ci sai ya yi rawa har alƙali ya gaji da jira. Na sa masa Walƙiya. Ɗayan matsakaici ne, in ya cafe ƙwallo sai ya miƙa wa alƙali ya koma layi kamar wanda aka aika; na sa masa Shiru-shiru.

Abin da na yi a makona na farko duk kun san shi, domin har yanzu ana yi mini dariya a kai. Na dubi hoton Walƙiya, na ga sarƙar, na ga yadda yake ɗaga gira, na ce wannan na san shi. A duk littafin da na karanta, mai irin wannan fuska ba ya kai tsakiyar labari sai ya faɗi. Na ajiye shi a benci. A ranar ya ci sau uku, makin duk ya zube a ƙasa, ba mu samu ko ɗaya ba. Bakri ya turo saƙon murya, na kunna wa maigidana, yana cewa, "Ya Ismail, wa ya ajiye Walƙiya? Ko idon biyu aka yi wa aikin ne?" Maigidana ya yi dariya a cikin matashi har na ji tsoron ɗinkin. Ya ce, "Ma'alish, ba komai." Can da dariyar ta lafa ya ce, "Mu na nawa ne yanzu?" Na ce, "Na goma." Bai sake cewa komai ba har aka kira la'asar.

Jama'a, wannan shirun ne ya koya mini abin da gasar nan take a wurinsa. Mutumin nan ya zo Alƙahira karatu bai san kowa ba. Ni na same shi a Giza yana fita da safe, ya dawo da yamma, ba mai ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ranar Lahadi kaɗai nake ganin ya yi wanka ya fesa turare yana sauri, yana cewa, "Yalla, za su fara ba ni." Ku ne danginsa a garin nan. Yana kwance bai san ko idon zai dawo ba, kuma ga shi ni da hannuna ina neman raba shi da ku shekara guda. Ranar na ture littafin da nake tsakiyar karantawa, wanda saura kaɗan a san ko za a yi auren, na ɗauki wayar da gaske.

Na riƙa karanta masa alƙaluma da irin muryar da nake karanta labari. Na kalli wasanni a cikin maikurobas, ƙaramar bas ɗin haya, a hanyar asibiti, wata tsohuwa Bamisriya tana leƙowa tana tambayata me ya sa suke ta kokawa. Muka ci wasu, aka ci mu wasu, har muka zo makon ƙarshe mu da ɗan'uwanmu Fadl, wanda aka ci shi ne zai fita. Muna baya, wasa ya kusa tashi, Walƙiya bai taɓa ƙwallo ba tun da aka fara. Sai aka jefa wata doguwa, na ga mutum ɗaya ya bar kowa a baya, ya miƙa hannu ɗaya ya ɗauke ta. Na miƙe tsaye da wayar a hannu. Maigidana yana ta cewa, "Me ya faru? Sabuwa, me ya faru?" Da ƙyar na ce, "Mai sarƙa ne." Muka tsira da abin da bai kai maki biyu ba. A makon da ya biyo baya likita ya duba idon ya ce tamam, lafiya lau. Ban san wanne ya fi sa ni kuka ba, kuma ba na jin kunyar faɗar haka.

To, yanzu ga maganar da ta rage. Biyun nan ɗaya za mu riƙe, kuma ba don mako mai zuwa ba, don shekara uku. Ku ba ni dama in auna su a gabanku.

Abu na farko da na duba shi ne sau nawa ake neman mutum da ƙwallo. Maki yana zuwa yana tafiya, amma yawan jifan da ake yi wa ɗan wasa yana nuna yadda aka yarda da shi. A kowane wasa Walƙiya ana nemansa sau huɗu, sau biyar, in ya kama ɗaya gari ya ɗauka, in bai kama ba ka wuni da yunwa. Shiru-shiru ana nemansa sau tara, sau goma, kuma na lura da lokacin da ake nemansa: lokacin da abu ya ƙaƙare, lokacin da mai jifa ya ga ƙattai sun yi kansa, idonsa wurin yaron nan yake zuwa.

Abu na biyu shi ne hannun da ke jifar. Mai cafewa komai iyawarsa sai an jefo masa. Mai jefa wa Walƙiya gwani ne, ban musa ba, amma ya doshi shekara arba'in, gemunsa ya fara fari, kuma kowace kaka ana cewa ita ce ta ƙarshe. In ya tafi, wa zai iya kai ƙwallo can nesa inda Walƙiya ke jira? Mai jefa wa Shiru-shiru kuwa sa'ansa ne, shekara ɗaya aka ɗauke su, tare suke kuskure, tare suke gyarawa. Na ga wasanninsu na farkon kaka, na ga na ƙarshe, kamar ba su ba.

Abu na uku shi ne abin da mutum ya dogara da shi. Walƙiya da gudu yake cin abinci, kuma sau biyu a kakar nan ya riƙe bayan cinyarsa ya fita. Gudu shi ne abin da ke fara barin mutum. Shiru-shiru ba ya tsere wa kowa. Abin da yake yi shi ne ya nuna wa mai tsaronsa hagu da kafaɗa, ya bi dama da ƙafa, ya tsaya a wurin da babu kowa. Wannan sana'a ce, kuma sana'a ƙaruwa take yi da shekaru.

Kada ku ce na rufe ido a kan laifinsa. Shiru-shiru bai taɓa ba mu makon da za mu yi fahariya da shi ba. Ranar da aka yi sanyi sosai ya zubar da ƙwallo biyu da ko ni da na kama. Ana raɗe-raɗin za a sallami kocinsu, kuma sabon koci yana iya zuwa da nasa ra'ayi, ya mayar da yaron nan ɗan rakiya. Shi kuma Walƙiya ya fi shi ƙuruciya da shekara guda, kuma in aka samo masa wani mai jifa mai ƙarfin hannu, zai iya zama wanda za a riƙa ba yara labarinsa. Wannan duk na sani.

Akwai kuma abin da ba alƙaluma ba, shi ne ya fi hana ni sukuni. Walƙiya ne ya cece mu. Ni na wulakanta shi saboda fuskarsa, shi kuma ya fid da mu kunya da hannu ɗaya. A littattafaina, wanda ya tsamo ka daga ruwa shi ake aura, ba a ma tsayawa shawara. Na kwana biyu ina jin kamar in na sake shi na yi butulci. Sai na tuna cewa karanta 'yan wasa kamar jaruman littafi shi ne ya kai mu na goma tun farko. Yaron nan bai san akwai wata Sabuwa a Giza ba. Bai cafe ƙwallon don ni ba, ba zai kuma ji zafi don na sake shi ba. Na gode masa, kuma godiya daban, shawarar shekara uku daban.

Na kai maganar wurin mai ƙungiya. Muna cikin jirgin metro, ranar da ya fara fita da ƙafarsa, na zayyana masa duk abin da kuka ji. Ya saurara har na gama, ya ce, "Ni dai Walƙiya nake so. Ni na zaɓo shi tun ba wanda ya san shi, Bakri yana yi mini dariya." Na ce, "To khalas, shi ke nan, shi za mu riƙe." Ya ce, "A'a. Ni jin kakar nan na yi, ke kika gan ta. Ki tashi ki faɗi abin da kika gani. In ya ɓaci, mu biyu za a yi wa dariya."

Saboda haka, ya shugaba, a gabanka da gaban waɗannan shaidu, da izinin maigidana, Shahon Giza ta riƙe Shiru-shiru har shekara uku. Walƙiya ya koma kasuwa. Na ga Bakri ya riga ya zaro wayarsa. Ɗauke shi, ɗan'uwa, Allah Ya sa ka ji daɗinsa, amma ban da ranar da za ka haɗu da mu. In shekara ta zagayo ya tabbata na yi kuskure, ni zan sake tsayawa a nan in amsa, ba zan turo kowa ba.

Ɗan'uwanmu Fadl, na san abin da kake ji, domin na ɗanɗana shi makonni da yawa kafin ya sauka a kanka. Maigidana ya ce in faɗa maka a gaban kowa cewa dokar ta hana ka ƙungiya ne, ba ta hana ka zama ba. Duk Lahadi wurinka yana nan kusa da shi, kuma tun da yanzu ba ka da abin ɓoyewa, muna so ka riƙa gaya mana gaskiya a kan jerin 'yan wasanmu.

Allah Ya saka wa Malam Ishaq da alheri bisa haƙurin shugabancin mutane goma masu gardama. Allah Ya ƙara wa Hajja Fatna albarka a kasuwarta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya kamar yadda Ya ba mu, Ya ba ɗalibanmu sa'ar jarrabawa, Ya kawo zaman lafiya a Sudan da Najeriya, Ya haɗa kowa da nasa. Allah Ya bar wannan zumunci, Ya kai kowa gida lafiya, na Giza da na nesa.

Na gode.