Kwalbar Kawu Gelindo

Mai girma shugaban wannan taro kuma shugaban ƙungiyar manoman inabi ta Col Merlo, dattijo Tarcisio Zanchetta. Mai girma magajiyar garinmu, Uwargida Loredana. Fada Evaristo na cocinmu. Baƙinmu da suka hawo daga Treviso da Venezia. Iyayenmu maza da mata waɗanda gwiwoyinsu suka ƙare a kan waɗannan tuddai. 'Yan uwa da maƙwabta, ina yi muku barka da rana, barka da ganin bikin furen inabi na bana.

Ina godiya ga ƙungiya da ta ga dacewar a kira Ottavia mai gidan abinci na bakin gada ta yi magana a gaban masu gona, alhali ni ko kuranga ɗaya ban taɓa dasawa ba. An ce in yi bayani kan yadda ake zaɓen giya mai kumfa, da yadda ake gane ta, da abin da ake ci da ita. Zan yi. Amma tun da na miƙe na lura babu mai kallona, idon kowa yana kan abin nan da ke naɗe cikin tsumma a kan tebur. Saboda baƙi, bari in faɗi ko mene ne.

Ku ɗaga kai ku dubi gangaren da ke bayan coci, wanda tarakta ba ta hawa, wanda ake sauko da inabinsa a kwando da igiya. Na Kawu Gelindo ne, ga shi can zaune ya sha mur. Mahaifinsa ne ya dasa kurangun. Bara ƙanƙara ta sauka a kansu ana gab da girbi, abin da ya tsira bai taka kara ya karya ba. Kawu ya tsince shi ƙwaya-ƙwaya, ya matse, ya bar shi ya kwanta duk hunturu. A makon Ista, da wata ya fara raguwa, ya ɗura shi a kwalabe ya buga murfin ƙarfe kamar yadda kakanninmu ke yi, ya bar wa ɗumin bazara aikin tayar da shi ya zama giya mai kumfa. Sai bazarar ta ƙi zuwa. Kun tuna, har watan Mayu muna kwana da wuta.

'Yarsa Nerina, wadda ta baro aikinta a Treviso don ta riƙe gangaren, ta same shi a gidan abincina ta ce su buɗe kwalaben su ƙara yisti da sukari. Ya dube ta ya ce: "Ke, uban wa ya taɓa yi wa giyar gangaren nan ɗura? In ta ga dama ta tashi, in ba ta ga dama ba, to tudun ya gaji da mu ke nan." Ta ce: "Baba, kai ne dai ka gaji, kar ka ɗora wa tudu." A gabana ya rantse cewa za a buɗe kwalba ɗaya a bikin nan. In ta yi kumfa, gangare na Nerina ne. In ta fito lami, zai sallama wa masu injinan da suka daɗe suna zawarcinsa, su tumɓuke tsofaffin kurangun su baje wurin. Ya kulle ɗakin ƙasa inda kwalaben suke ya jefa makulli a aljihu, shi kansa bai ƙara sauka ba sai yau da safe, kuma ya ce da ido rufe ya ɗauko kwalbar nan ya naɗe ta a tsumma. Ku riƙe wannan a rai, mu shiga maganar.

Na farko, zaɓe. Kada ku fara da tambayar wace giya ce ta fi. Ku fara da tambayar wa zai zauna a teburin, kuma me ke kan wuta. Ƙasarmu ta yi arzikin giya mai kumfa iri-iri, kowace da halinta. Prosecco tamu, wadda ake tayar da kumfarta a tanki, yarinya ce, ƙamshinta na tuffa da fure, a sha ta a shekararta, wanda ya ajiye ta don jikoki ya yi asara. Ta Franciacorta da ta Trento sun yi shekaru a kwalba kafin su fito, sun natsu, ƙamshinsu kamar ɓawon burodi, su ake kira ranar da aka yi babban baƙo. Ta Asti zaƙi gare ta kuma ba ta da nauyi. Ja ta mutanen Emilia, Lambrusco, mun daɗe muna yi musu tsiya a kanta, amma ranar da na ci taliyarsu mai nama da ita na kama bakina. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Na biyu, ganewa. A nan ne nake so ku tsaya ku yi mamaki tare da ni, don na tsufa ina zuba giya kuma har yau abin bai daina ba ni tsoro ba. Ruwa ne aka rufe a kwalba, a cikin duhu, a ƙarƙashin ƙasa. Ba ya ganin rana, ba ya jin kukan tsuntsu, ba wanda ya sauka ya gaya masa hunturu ya wuce. Amma da kuranga ta fara toho a kan tudu, sai shi ma ya motsa a ƙasa. Masu ilimi sun yi mana bayanin yisti da ɗumi, na kuma yarda da su. Duk da haka, mahaifiyata takan ce giya ba ta manta uwarta, kuma duk lokacin da na ɗaga kwalba na ga 'yar farar lakar nan kwance a gindinta, shaidar cewa wani abu mai rai ya farka a ciki ya yi aikinsa ya koma barci, sai tsigar jikina ta tashi. Wanda zai gane giya, ya dubi gindin kwalba kafin ya dubi takardar da ke jikinta, ya kalli ƙanƙantar kumfa da daɗewarta, ya shinshina kafin ya kurɓa.

Kun kuma san rigimar da lakar nan ta haddasa a garin nan. Rabinmu na tsiyaya a hankali a bar ta a ƙasa, rabinmu na juya kwalba a sha da ita. Kawu Gelindo shugaban masu tsiyaya ne, yana cewa mai juyawa kunu yake so, ba giya ba. Nerina tun tana budurwa take juyawa.

Na uku, abin ci. A nan mu duka muke tafka kuskure ɗaya, har da ni da shugaba. Duk biki, duk Kirsimeti, sai mu yanka kek mai zaƙi mu buɗe masa giya marar zaƙi don ita ce mai tsada, zaƙi ya kashe ta ta koma kamar ruwan lemun tsami, mu sha muna yamutsa fuska muna cewa madalla. Ku ba kek ta Asti. Ku ba soyayyun ƙananan kifi tamu ta tanki, kumfa ta wanke mai daga harshe. Ita kuwa mai laka, irin ta Kawu, ba ta son komai sai tsiran aladenmu da muke kira sopressa, da tsohon cuku, da gasasshen tuwon masara, a kan teburin katako, tare da mutanen da suka hau tudun da ƙafarsu. Shi ya sa na sa aka yanko su, ga su nan, ko da me kwalbar za ta ce.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Nerina, taso 'yata. Kawu, da izininka zan kwance tsumman. Ga kwalbar, bari in cire murfin. Fada, ka daina motsa kujera. Kowa ya yi shiru, don irin wannan ba ta yin ƙara in an buɗe ta, huci kawai take yi.

Kun ji? Na baya, kun ji? Ku dubi wuyan kwalbar. Ga ta nan tana hawowa, fara sol, a hankali. Inabin da ƙanƙara ta daka, wanda sanyi ya danne har Mayu, ya tashi shi kaɗai a cikin duhu ba wanda ya taimake shi. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya koya masa lokaci.

Kawu yana laluben aljihu. Ga makullin a hannun Nerina. Na baya ba ku ji abin da ya ce mata ba, bari in maimaita muku: "Ungo. Juya ta yadda kika saba, 'yar nema, ki zuba mini kunun naki in ji."

Allah ya tsare tuddanmu daga ƙanƙara. Allah ya ƙara wa Nerina ƙarfin gwiwa a kan gangaren kakanta, ya ja kwanan Kawu Gelindo ya sha ta baɗi da ta baɗin baɗaɗa. Allah ya albarkaci hannun da ya dasa, da wanda ya girbe, da wanda ya zuba. Allah ya mayar da baƙinmu gida lafiya, wanda ya sha kuma ya bar wa wani tuƙi. Amin.

Na gode.